Talala, soso ko mariƙi: wanne ya fi tsare sandar fatsa a kan kayak a ruwan Legas?

Wani ƙanena da ke zaune a Obalende ya sayi kayak na hannu a bara, wato ƙaramin kwalekwalen nan na roba mai ɗaukar mutum ɗaya, wanda ake zama a samansa ana tuƙawa da filafili mai baki biyu. Bai fi sau uku da shiga ruwa da shi ba sai ga shi ya zo mini da tambaya. Ya ce, "Yaya, abin da ya rage a hannuna ba zai sayi komai da komai ba. Igiyar ɗaure sanda zan fara saya, ko soson da ke hana ta nutsewa, ko kuwa in sa a kafa mini mariƙi mai kulle?" Na ce masa wannan tambaya ba ta amsuwa da kalma ɗaya, domin ba ta hanya guda sandar fatsa take barin mai ita ba, kuma kowanne daga cikin abubuwa ukun da ya lissafa wata ƙofa yake toshewa ya bar wata a buɗe. Bayanin da na yi masa a ranar shi ne nake so in shimfiɗa a nan, saboda sanda mai kyau tare da injin naɗe zarenta, wanda muke ce wa ril, ba abu ba ne da mutum yake iya saya kowane wata.

Ni kaina na taɓa rasa sanda, kuma har yau abin yana yi mini ciwo idan na tuna. Da sanyin safiya ne, a mashigin Five Cowrie da ya raba Ikoyi da Victoria Island, ba nisa da gadar Falomo. Na kama wani ɗan kifi, na kwantar da sandar a kan cinyoyina, na sa hannu biyu ina ƙoƙarin zare ƙugiya daga bakinsa, sai wani jirgin fasinja ya wuce ta bayana da gudu. Ban ga taguwar da ya tayar ba sai da ta bugi kayak ɗin ta gefe. Na saki kifin na cafko filafili don kada in kife, a daidai lokacin kuwa sandar ta sulale, nauyin ril ya ja gindinta ƙasa, na ga tsininta ya miƙe a tsaye kamar karan dawa na 'yan daƙiƙu, sannan ruwa ya rufe shi. Na yi kusan awa ɗaya ina jan babbar ƙugiya a ƙasan wurin ko Allah zai sa in maƙalo ta, ban fito da komai ba sai ledoji da baƙin taɓo. Ba kifi ne ya ƙwace ta ba, ban kuma kife ba, hannuwana ne kawai suka tafi wani aikin.

A abin da na gani, wannan ce hanyar da aka fi rasa sanda, amma akwai wasu uku. Akan rasa ta tana tsaye a bayan kujera, filafili ya doke ta, ko tsininta ya maƙale a ƙarƙashin wata gadar katako ko a reshen itatuwan bakin ruwa, ta fice daga raminta mai ita bai sani ba sai ya waiwaya. Akan rasa ta idan an bar fatsa a ruwa ana tafiya, babban kifi ya fizga ko ƙugiya ta kama wani abu a ƙasa. Akan kuma rasa sanduna duka a lokaci guda idan kayak ya kife. Sannan ruwan Legas ɗin ma ba iri ɗaya ba ne. A cikin lagun, wato babban tafkin Legas da ya haɗu da teku, wajen gadar Third Mainland mai tsawon kilomita 11.8, wurare da yawa ba su da zurfi, amma ruwan ba ya nuna ƙasa kuma ƙasan taɓo ne, saboda haka abin da ya nutse a zurfin mita 2 ya tafi kamar wanda ya nutse a mita 20. A wajen Commodore Channel, inda ruwan lagun yake fita zuwa Tekun Atlantika, gudun ruwa yana da ƙarfi ƙwarai idan teku tana janyewa. A gaɓar teku kuwa raƙuman ruwa ne ke fashewa a bakin yashi. Dabarar da ta yi amfani a ɗaya daga cikin wuraren nan tana iya zama banza a na biyu, ta zama haɗari a na uku.

Na fara masa da igiyar ɗauri, wadda ni nake kira talala, domin aikinta ɗaya ne da talalar da ake yi wa akuya: ta yi yawo iya tsawon igiya, amma ba ta rabu da turke ba. Kai ɗaya ana ɗaura shi a jikin sanda, yawanci da maɗaurin Velcro mai mannewa, irin na takalmin yara, ko da zarge, ɗaya kan kuma ana maƙala shi a wani zobe a jikin kayak. Wadda ake sayarwa iri biyu ce. Akwai mai murɗi kamar wayar tsohon tarho na kan tebur, wadda take tsukewa idan ba a ja ta ba, akwai kuma ta roba mai miƙewa wadda aka lulluɓe da saƙar zare. A cikin dabarun da zan ambata, talala ce kaɗai take amsa hanyoyin asara huɗun nan gaba ɗaya, domin ko sandar ta sulale, ko an doke ta, ko kifi ya fizge ta, ko kayak ya kife, tana nan a rataye. Da ina da ita a ranar Falomo, da sai dai in miƙa hannu in jawo abina. Gudun ruwa bai dame ta ba, duhu bai dame ta ba, kuma ba ta buƙatar mutum ya ga inda sandar ta faɗa.

Sai dai talala tana da illa babba, kuma ba na so a ɗauki wannan illa da wasa. Kayak wuri ne matsattse: ga zaren fatsa, ga igiyar filafili idan an ɗaure shi, ga ta anga idan ana amfani da ita, ga ƙafafun mutum a tsakiyarsu. Idan aka ƙara talala uku ko huɗu, sannan kayak ya kife, mutum zai sami kansa a cikin ruwan da ba ya ganin tafin hannunsa, igiyoyi suna yawo a kewaye da ƙafafunsa da wuyansa, kowace kuma tana ɗaure da abin da ruwa yake ja. Hausawa sun ce wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, kuma wanda ya firgita yakan yi ta harbi da ƙafa har ya ƙara naɗe kansa. Ko bayan ya fito da kai, komawa kan kayak daga cikin ruwa yana buƙatar mutum ya ja cikinsa a kan gefen, kuma igiya ɗaya da ta maƙale a maɓallin rigar ruwa, wato rigar da ke hana mutum nutsewa, ta isa ta hana shi hawa. Sanda dukiya ce da ake mayarwa idan an yi haƙuri, shi ya sa nake auna kowace talala da wannan tambaya kafin in ɗaura ta: idan na kife yanzu, ina wannan igiya za ta kasance?

Masu haɗa talala a gida sukan yi amfani da siririyar igiya mai lamba 550, irin ta laimar da sojoji suke dira da ita daga jirgin sama, saboda tana da araha kuma ba ta ruɓewa da wuri. Lambar nan tana nufin igiyar tana ɗaukar nauyin fam 550, kusan kilo 250, ma'ana babu hannun da zai tsinka ta. Wanda zai yi amfani da ita ya sa maɓallin roba a tsakani, irin na jakar goyo ta 'yan makaranta wanda yake buɗewa da an matsa shi da yatsu biyu, kuma ya ɗaura wuƙa mara tsini ko abin yanke igiya a ƙirjin rigar ruwansa, inda kowane hannu zai kai gare shi. Wuƙar da ke cikin akwatin kaya ba ta da amfani ga wanda yake ƙarƙashin kayak. Kada kuma a taɓa ɗaura talala a jikin mutum, ko a wuyan hannu ko a ɗamara, domin a jikin kayak kaɗai take da wurin zama.

Akwai kuma ƙananan damuwoyi da suke taruwa su gajiyar da mutum. Mai jifa da naɗewa, wanda yake wurga fatsa sau da yawa a yini, zai ji talala tana riƙe masa hannu a kowane jifa, tana naɗe hannun ril, kuma idan kifi ya zagaya ta gaban kayak zuwa ɗaya gefen, dole sandar ta bi shi, igiyar kuwa ta ƙi. Maƙalan ƙarfe masu araha waɗanda aka shafa wa ruwan ƙyalli suna tsatsa da sauri a ruwan gishiri har bakinsu ya ƙi buɗuwa, don haka a nemi na tagulla, ko na ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316, ko ma na roba mai ƙwari. A kuma sani cewa sandar talala take cetowa, ba lafiyar ril ba. Ril ɗin da ya nutse a ruwan gishiri yana buƙatar a wanke shi da ruwan daɗi a ranar, a kwance shi a sa masa mai, in ba haka ba boris ɗinsa zai cije.

Dabara ta biyu ba baƙuwa ba ce ga duk wanda ya taɓa ganin masunta a Argungu, inda mutum yake faɗawa ruwan Matan Fada da homa a hannu da gora a ƙarƙashin ƙirjinsa. Gorar ba ta ɗaure shi da komai, ɗaga shi kawai take yi. Haka soson sanda yake. Guntun soso ne mai rami a tsakiya da tsaga a gefe, ana zura shi a jikin sanda a gaban ril, tsakanin wurin riƙo da zoben farko da zare yake bi, a ɗaure shi sama da ƙasa. Idan sandar ta faɗi, sai ta kwanta a saman ruwa maimakon ta nutse. Falalarsa ita ce babu igiya ko ɗaya, saboda haka ba ya ƙara wa mutum haɗari idan ya kife, ba ya riƙe hannu wajen jifa, kuma sandar tana iya bin kifi ta kowane gefe. Ga sandar da take hannu tun safe har a tashi, ban ga abin da ya kai shi ba.

Inda mutane suke yin kuskure shi ne girman soson. Ƙa'idar mai sauƙi ce: abu yana ɗaga nauyi daidai da nauyin ruwan da ya ture. Lita ɗaya ta ruwan daɗi kilo ɗaya ce, ta ruwan teku kuma kusan kilo 1.025, bambancin da bai kai a dogara da shi ba, balle ma da yake gishirin lagun yana raguwa sosai da damina. Ledar fiya wata ɗaya santilita 50 ce, saboda haka soson da girmansa ya kai ledar fiya wata zai ɗaga kusan rabin kilo, ba fiye da haka ba. Sanda matsakaiciya da ril ɗinta suna iya kai wannan nauyi ko su wuce shi, ta manyan kifi kuwa tana iya haura kilo ɗaya. Dogon soson nan mai launi da yara suke koyon ninkaya da shi, idan kaurinsa ya kai santimita 6 da rabi kuma ramin tsakiyarsa santimita 2 ne, guntu mai tsawon santimita 20 daga cikinsa ya kai kusan santilita 60. Baƙin soson da masu gyaran iyakwandishan suke rufe bututun tagulla da shi ma ba ya shan ruwa, kuma ya fi sauƙin samu, amma siriri ne, guntu mai wannan tsawon yana iya zama kashi ɗaya cikin huɗu na wancan kawai, don haka sau da yawa saurin nutsewa yake ragewa, ba hana nutsewar ba. Soson katifa kuwa kada ma a gwada, domin shan ruwa yake yi.

Gwajin ba ya buƙatar a jiƙa ril. Ranar da muka haɗa wa ƙanen nawa nasa, mun kai sandar da ril ɗin wajen mai sikeli a bakin kasuwa muka auna, muka samo guntun ƙarfe mai wannan nauyi a wajen wani bakanike, muka rataya shi a jikin soson da zare, muka saka a duron ruwa a tsakar gida. Guntun farko ya yi ƙasa a hankali har ƙarfen ya taɓa gindin duro muka ji ƙararsa. Muka yanko mai tsawo, wannan ya tsaya, kusan faɗin yatsa biyu na samansa a waje. Tun da sandar kanta tana ture ruwa, musamman wurin riƙonta mai laushi, duk soson da ya ci wannan gwaji yana da rara.

Raunin soso shi ne nutsewa ya hana, bai hana tafiya ba. Idan an jefa anga, kayak yana tsaye ne ita sandar tana bin ruwa, kuma ruwan da yake gudun mita 1 a daƙiƙa zai kai ta mita 60 cikin minti ɗaya. Ko ba a jefa anga ba, iska ta fi tura kayak fiye da sandar da take kwance a ruwa, don haka kafin mutum ya gama komawa kan kujerarsa bayan kifewa sun yi nisa da juna. Idan kuma babban kifi ne ya fizge ta, irin barakuda da ake samu a bakin teku, ƙarfin ɗaga rabin kilo ba komai ba ne a wajensa, zai tafi da sanda da soso ƙarƙashin ruwa ya sake su inda ya ga dama. Akwai kuma ciyawar ruwan nan mai kama da kainuwa, wadda ta shigo ruwan Legas ta mashigin Badagry a 1984, kuma take mamaye sassan lagun daga ƙarshen damina lokacin da gishiri ya ragu. Baƙar sanda mai baƙin soso idan ta shiga cikinta, ganinta sai an sha wahala. Saboda haka a zaɓi soso mai launin ruwan lemo ko rawaya, mai fita da asuba kuma ya naɗa masa sitika mai ƙyalli wadda tocila take haskawa. A mashigi mai zirga-zirga kamar Five Cowrie, kada mutum ya bi sandar da ta shiga hanyar jirage da gudu, ya jira su wuce tukuna.

Sai mariƙi, wanda shi ma yana da darajoji. Mafi ƙanƙanta shi ne ramin nan biyu da yawancin kayak na kamun kifi suke zuwa da su a bayan kujera. Babu abin da ke riƙe sanda a cikinsu sai nauyinta, kuma da kayak ya juye sai ta zube kamar muciya daga tukunya. Mafi girma shi ne mariƙi mai kulle irin na kamfanonin Scotty da RAM da Railblaza da YakAttack, wanda yake da kwanciya da sandar take shiga da zobe ko maɗauri da yake rufe ta ta sama, kuma ana iya juya shi ta kusurwar da ake so. Yana da kyau ƙwarai ga mai jan fatsa a baya yana tafiya, amma kayan waje ne, farashinsa yana bin dala, kuma ƙarfinsa bai wuce ƙarfin kafinsa ba. Jikin yawancin kayak na roba ne irin wadda gam ba ya kamawa, don haka sukurin da aka murɗa a cikin robar kawai zai tumɓuke ranar da aka fi buƙatarsa. Dole a yi amfani da noti mara tsatsa, a sa faranti ta ciki ya raba nauyin, sannan a toshe kowace huda da abin liƙi na jirgin ruwa, domin kowane rami da aka huda ƙofar ruwa ce.

Tsakanin waɗannan biyu akwai abin da kowa zai iya haɗawa a Legas cikin yini ɗaya, wato kiret ɗin roba da aka ɗaura wa guntayen bututun PVC a gefe. A yanke wa kowane bututu tsaga a baki don ƙafar ril ta zauna a ciki ta daina juyawa, a ɗaura ɗan zoben roba mai miƙewa wanda za a riƙa ɗorawa a kan ril ɗin. Wannan ɗan zobe shi ne ya raba sandar da ta tsira da wadda ta tafi, kuma gajere ne, bai kai ya naɗe ƙafar kowa ba. Robar tif ɗin taya tana yin aikin, sai dai rana tana cinye ta, a riƙa duba ta ana canzawa. Babban sharaɗi shi ne a ɗaure kiret ɗin kansa a jikin kayak ta kusurwa huɗu, in ba haka ba ranar kifewa sanduna da kiret za su tafi tare.

Amma mariƙi, mai tsada ko mai araha, yana tsare sanda ne kawai idan tana cikinsa. Sandar da ke hannu ko a kan cinya ba ruwansa da ita, kuma ita ce aka fi rasawa. Sannan sandar da take tsaye mai tsawon mita 2 tana maƙalewa a duk abin da ke sama. Kulle ma yana da nasa haɗarin, kuma a nan ne maganar birkin ril take shigowa, wato abin da yake sakin zare idan an ja shi da ƙarfi, wadda ba ta cin ko kwabo amma ta fi wasu kayan da ake saya amfani. Masu fatsa sukan saita birki a kan kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na ƙarfin zare, wato zare mai ƙarfin fam 30, kusan kilo 13 da rabi, birkinsa ya fara saki a wajen kilo 3 da rabi zuwa 4 da rabi. Idan sanda tana cikin mariƙi ana tafiya, a sassauta shi ƙasa da haka. Lagun cike yake da turaku da rassan da masunta 'yan ƙabilun Egun da Ilaje suke kafawa don tara kifi, ga tsofaffin raga da igiyoyi a ƙasa, kuma ƙugiyar da ta kama ɗaya daga cikinsu alhali birki yana ɗaure, ɗayan uku za ta yi: ta fizge sandar, ko ta karya ta, ko kuma, idan mariƙin ya riƙe gam, ta karkata kayak ɗin ta gefe har ya kife.

Gaɓar teku kuwa hukuncinta daban ne, kuma a nan ba na yarda da talala ko ɗaya. Tarkwa Bay tana da sauƙi saboda katangar duwatsun da ke bakin mashigin jirage ta kare ta, amma Lighthouse Beach da ke kusa da ita raƙuman ruwanta masu ƙarfi ne, musamman da damina. Wanda zai ratsa inda ruwa yake fashewa, fita ko dawowa, ya kwance duk talala, ya cire ƙugiyoyi daga zare, ya kwantar da sandunan a cikin cikin kayak idan yana da ƙofa mai faɗi, in babu ya shimfiɗa su a tsawon jikinsa ya ɗaure su da roba a wuri biyu, ril kuma ya cire shi ya sa a jakar da ruwa ba ya shiga. Sandar da take tsaye idan kayak ya juye a ruwa mara zurfi, yashi take soka ta karye, sai talala ta dawo wa mutum da guntaye biyu. Masu ƙera kayak na kamun kifi a Afirka ta Kudu, irin su Stealth na Durban, saboda wannan matsala ne suke yi wa nasu doguwar ƙofa a tsakiya da sanduna suke shiga, domin masuntansu kullum ta cikin raƙuman ruwa suke fita.

Ga yadda na yanke wa ƙanen nawa, shi da yake kamun kifi a cikin lagun da mashigai, ba ya fita teku. Kafin komai, rigar ruwa mai kyau da wuƙa a ƙirjinta. Hukumar LASWA, wadda jihar Legas ta kafa a 2008 don kula da hanyoyin ruwa, ta wajabta sa rigar ga masu shiga ruwa, kuma ko ba doka, a jikinta wuƙar take zama. Sannan ya rage sandunan zuwa biyu, domin taura biyu ba ta taunuwa, balle huɗu, kuma kowace sanda da aka ƙara wata igiya ce ko wani tsini da zai maƙale. Wadda take hannunsa a sa mata soso, wanda kusan kyauta ne. Ta ajiya ta zauna a kiret da zoben robarta. Idan kuɗi ya rage, ya sayi talala ɗaya tak, gajera mai murɗi, ya ajiye ta don sandar da yake barin fatsarta a ruwa, ko don ranar da ya fita da duhu. Mariƙi mai kulle ya zo daga ƙarshe, ranar da ya fara neman manyan kifi yana jan fatsa a baya.

Da a ce wajen Commodore Channel yake kamu, kusa da inda lagun yake fita teku, inda ruwa yake gudu kuma kifi yake da ƙarfi, da na juya lissafin na sa talala a gaban soso, domin a can sandar da take yawo a saman ruwa ba ta da bambanci sosai da wadda ta nutse. Wanda kuma bai iya ruwa sosai ba, ko bai taɓa gwada komawa kan kayak daga cikin ruwa ba, shawarata gare shi ita ce ya bar talala gaba ɗaya tukuna, ya tsaya a kan soso da zoben roba har ya ƙware. Akwai kuma ƙaramin abu ɗaya da na ƙara wa nawa kayak ɗin bayan asarar Falomo, wato ɗan gajeren bututu a gabana, tsakanin gwiwoyi, wanda nake soka gindin sanda a ciki duk lokacin da zan taɓa kifi ko in canza ƙugiya ko in sha ruwa. Tun daga lokacin ban sake kwantar da sanda a kan cinya ba.

Bayan mun gama haɗa komai, na kai shi wani wuri mara zurfi inda ruwa ya tsaya masa a ƙirji, muka ɗora kayan kamar yadda zai fita da su, da tsofaffin sanduna marasa ril, na ce ya kifar da kayak ɗin da gangan ina tsaye a gefensa. Sandar da ke kiret ta zauna daram, mai soso ta taso ta kwanta a gefe, amma talalar, wadda a lokacin tsawonta ya kai mita 1 da rabi kuma a kusa da ƙafarsa muka maƙala ta, ta naɗe masa idon sawu har sai da na sa hannu na kwance. Muka fito bakin ruwa muka rage ta zuwa tsawon hannunsa, muka mayar da zobenta bayan kujera ta gefen dama, ya sake kifewa sau biyu, duka biyun ya hau da kansa ba tare da wani abu ya riƙe shi ba.